Don Allah yaya ake haɗa waya da simat tibi ba tare da kebul ba?

Baban Hanifa: Salam jama'a, don Allah masu sanin harkar waya ku taimaka min. Na sayi tibi sabuwa fil irin simat ɗin nan mai hawa intanet, yau kwana uku kenan ina fama in haska abin da ke wayata a jikinta abu ya ƙi. Na jawo sama na danna inda aka rubuta Cast, sai ya dinga juyawa yana juyawa wai nema yake, har sikirin ya mutu bai ga komai ba. Bluetooth ma na kunna na kashe na sake kunnawa, shiru kake ji. Yara sun zuba min ido tun shekaranjiya, ƙaramar ma cewa ta yi Baba ko dai ba ka iya ba ne 😅

Autan Mama: Hhhh Hanifa ta gama magana ai. Yaya, ka nemi kebul ɗin HDMI kawai ka huta

Baban Hanifa: Auta in kebul nake so ai da ban yi tambaya ba

Injiniya: Wa alaikumus salam. Auta bar ba da wannan shawarar kai tsaye, ba kowace waya ce ke fitar da hoto ta ramin caji ba, da yawa ramin nasu caji da tura fayil kaɗai yake yi, ka sa kebul ka ga baƙi wuluk. Baban Hanifa, Bluetooth kuma cire shi daga lissafi gaba ɗaya, murya yake ɗauka, ba shi da faɗin da zai ɗauki bidiyo. Wi-Fi ne ke wannan aikin. Tambaya biyu: wayar Android ce ko iPhone? Sannan in ka kunna tibin, kafin ta gama tashi me take rubutawa a fuska?

Baban Hanifa: Android ce. Tibin kuma tana rubuta Google TV da kaloli

Injiniya: Madalla, kenan tana da Google Cast a cikinta. Ita tibin kan wane intanet take?

Baban Hanifa: Akwai MiFi a gida, tun ranar farko na sa mata faswod ɗin, YouTube ma yana yi lafiya lau da rimot

Injiniya: Wayar fa?

Baban Hanifa: Wayar ai da datar layina nake amfani

Zee: Shikenan an kama ɓarawo 😂

Injiniya: To nan matsalar take. Google Cast sai waya da tibi suna kan Wi-Fi guda ɗaya suke ganin juna. Wayar cigiya take aikawa a cikin natwok ɗin, kamar ta ce akwai tibi a nan? ita kuma tibin ta amsa. Kai kana kan layi ita tana kan MiFi, kamar ka tsaya a gidanku ne kana ƙwala wa mutumin da ke wata unguwa kira. Hau MiFi ɗin da wayar ka sake gwadawa.

Malam Habu: Injiniya Allah ya ƙara sani, amma ni akwai abin da ya ɗaure min kai. Ni ba ni da MiFi ba ni da rauta, ko intanet ban taɓa sa wa tawa tibin ba, amma ina danna Smart View a waya take fitowa ta haɗu. To ina maganar sai suna Wi-Fi ɗaya?

Zee: Ehen, nima abin da zan ce kenan. Ta babanmu haka take

Injiniya: Malam gaskiyarka, nima gaskiyata, hanyoyin ne ba ɗaya ba, kuma nan ne mutane ke ruɗewa don duk an sa musu sunaye masu kama da juna. Naka sunansa Miracast, tun 2012 ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta fito da shi. Shi waya da tibi ne ke ƙulla nasu Wi-Fi ɗin tsakaninsu su biyu, Wi-Fi Direct ake ce masa, ba ruwansu da rauta ba ruwansu da data. Kamar kebul ɗin HDMI ne amma a iska. Sai dai kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa, Samsung su ce Smart View, a tibin LG Screen Share, a Hisense Anyview Cast, wasu wayoyin Wireless display, sai ka ɗauka abubuwa ne daban-daban alhali Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Na Baban Hanifa kuma na Google ne, wanda ya fara da ɗan Chromecast ɗin nan da ake maƙalawa a bayan tibi a 2013, daga baya aka fara gina shi a cikin tibin kanta. Na uku shi ne AirPlay na Apple. Yare uku kenan, in waya na jin ɗaya tibi na jin wani sai dai kallon kallo.

Autan Mama: Ashe har tibi ma akwai ƙabilanci

Baban Hanifa: Na hau MiFi ɗin yanzu, suna ɗaya faswod ɗaya, wallahi har yanzu juyawa yake

Maman Ilham: Kashe komai ka kunna. Zare tibin daga soket gaba ɗaya ba da rimot ba, don rimot barci kawai yake sa ta, ka ƙirga talatin ka mayar, MiFi ɗin ma haka

Baban Hanifa: Na yi Maman Ilham, ba canji

Zee: Yaya duba can saman wayarka kusa da batir, akwai ɗan hoton makulli?

Baban Hanifa: Akwai. VPN ne, ai kullum a kunne yake na ma manta da shi

Zee: Kashe shi

Baban Hanifa: Allahu akbar!! Ta fito 😭 sunan tibin ya fito, na danna ga fuskar wayata nan ɓaro-ɓaro a bango. Zee Allah ya yi miki albarka, kwana uku fa

Zee: Amin yaya. Injiniya yana can yana ba da tarihi ni na yi aikin 😌

Injiniya: Na sallama ƙanwata. VPN ɗin kwashe zirga-zirgar wayar yake ya bi da ita ta wata ƙasa, to cigiyar da na ce wayar na yi ba ta isa wajen tibin. Wasu VPN ɗin suna da wurin da za ka ba natwok na gida izini a saitin, in babu sai kashewa. Irin wannan ne kuma ke faruwa a Wi-Fi na baƙi ko na otal, da gangan suke hana na'urori ganin juna, ko ka kwana kana dannawa ba za ta fito ba.

Maman Ilham: Baban Hanifa tun da wuri in ja maka kunne tunda yanzu fuskar wayarka ce a bango, duk abin da ya shigo kowa zai gani. Ni abin da ya same ni ba zan manta ba. Ƙanwar maigidana ce ta zo, na ce bari in nuna mata hotunan yara a tibi tunda ta fi girma, muna zaune muna ta dariya ina ja da yatsa, kawai sai ga saƙon yayata ya sauko daga sama a inci 55, baƙaƙe manya-manya: "har yanzu mai surutun ba ta tafi ba?" Wallahi ɗakin ya yi tsit, fanka kawai kake ji. Na rasa me zan danna, garin sauri maimakon in goge sai na buɗe hirar gaba ɗaya. Ita kuwa baiwar Allah ta ce Anti koma baya ban gama ganin hoton ba. Har yau in ta kira ni sai ta fara da mai surutu ce ke magana.

Autan Mama: Innalillahi 😂😂😂 Anti ai da ni ne tibin zan cire daga wuta in ce ta lalace

Malam Habu: Subhanallah, abin dariya abin tausayi

Injiniya: Maganinsa kafin ka haɗa ka kunna Do Not Disturb, wato saitin da ke hana sanarwar saƙonni saukowa. A Android 15 ma in za ka haska yana tambayarka duk sikirin ne ko manhaja ɗaya tak, ka zaɓi ɗaya.

Maman Ilham: Ina kake a lokacin Injiniya

Baban Hanifa: Na kunna shi yanzu yanzu, Allah ya kiyaye. Amma ga wata sabuwa, na buɗe Netflix a wayar in sa wa yara katun, murya na fita, rubutun ƙasa ma na fita, amma hoton baƙi ƙirin. YouTube kuma yana yi amma yana ɗan tsinkewa, baki na motsi magana na zuwa daga baya

Injiniya: Yauwa, ka iso inda nake so ka iso. Abin da kake yi yanzu madubi ne. Wayarka ce ke ɗaukar hoton fuskarta sau da yawa a kowace daƙiƙa, ta matse shi, ta tura wa tibi, tibin ta warware ta nuna. Aiki ne mai nauyi, shi ya sa taɓa bayanta ka ji ta fara ɗumi, batir na zuba, hoto na makara. Kuma finafinan da ke da kariyar haƙƙin mallaka ba sa yarda a kwafe su ta haka, shi ne baƙin da ka gani, ba lalacewa ba ce.

Ɗaya hanyar ita ce aike. Fita daga madubin, buɗe YouTube a wayar, a saman bidiyon akwai ɗan akwati mai layukan Wi-Fi a kusurwarsa, danna shi ka zaɓi tibin. A nan wayar ba bidiyo take turawa ba, adireshi kawai take miƙa wa tibin ta ce je ki ɗauko wannan, tibin ta jawo shi da kanta daga intanet. Wayar ta koma rimot, ka iya kulle ta, ka amsa kira, ka shiga WhatsApp, bidiyo na can na tafiya kuma ba wanda zai ga saƙon yayar kowa. Netflix kuwa kar ka wahalar da kanka, akwai shi a cikin tibin, buɗe shi da rimot ka shiga da akawun ɗinka.

Baban Hanifa: Kai! Bambancin a fili yake, hoton ya yi tas kamar ba shi ba. Na kulle wayar ma bai tsaya ba

Malam Habu: To Injiniya tsakanin biyun wanne ya fi shan data? Don ni nan ne tsorona

Autan Mama: Madubi mana Malam, ai sau biyu yake ja, waya ta ja tibi ta ja

Zee: A'a Auta ba haka ba ne. A madubi waya ce kaɗai ke jan intanet, abin da ke tafiya daga waya zuwa tibi a cikin gida yake yawo ba ya taɓa datarka. In ma bidiyon a cikin wayar yake ka riga ka sauke, ba abin da zai ci

Autan Mama: To me yasa tawa take ƙarewa kamar ana zuƙa da tsinke

Zee: Saboda aike kake yi kana barin tibin ta zaɓi ingancin hoto da kanta. A waya ƙila 480 kake kallo ba ka ma lura don sikirin ƙarami ne, ita kuwa tibi in ta ga natwok da ƙarfi sai ta haye 1080 ko 4K. Netflix da kansu sun ce HD na iya cin giga 3 a awa, 4K kuma har giga 7. Zauna ka yi lissafin fim biyu

Baban Hanifa: Giga 7 a awa ɗaya?? Bari in tashi in rage tun kafin MiFi ɗin ya yi min kuka

Injiniya: Ka shiga ɗan hoton saiti a cikin bidiyon ka mayar 720, a nesan da ake zama a kalli tibi ba laifi. Ƙarin bayani kan na Zee, na Malam Habu wato Miracast ko layi babu a wayar zai yi. Na Google kuma ko da bidiyon a gida yake yawo, yana son ya ga akwai intanet a natwok ɗin kafin ya yarda ya haɗu lafiya, amma ɗan kaɗan yake taɓawa.

Hajiya Umma: Sannunku da ƙoƙari 'ya'yana. Ni iPhone ce yarona ya ba ni, tibin kuma Samsung, jikokina sun yi ta nema min wannan Smart View ɗin a wayar babu shi

Maman Ilham: Sannu Hajiya, ba za su same shi ba ai, iPhone ba ta jin wannan yaren sam, nata AirPlay ne. Ki sa su ja daga kusurwar dama ta sama zuwa ƙasa, za su ga akwatuna biyu ɗaya kan ɗaya, su danna, sunan tibin zai fito in suna Wi-Fi ɗaya. Karon farko tibin za ta nuna lamba huɗu a rubuta a wayar, shikenan

Injiniya: Sai dai Hajiya ya danganta da shekarar tibin. A 2019 ne Apple ya buɗe AirPlay 2 ga tibin wasu kamfanoni irin su Samsung da LG da Sony, na Samsung daga ƙirar 2018 zuwa sama ne. In ta girmi haka ba za a gani ba. Su duba cikin saitin tibin ko akwai inda aka rubuta AirPlay, wani lokacin a kashe yake zuwa.

Hajiya Umma: To wannan kam ta kwana biyu, ina jin ta kai shekara tara

Zee: Hajiya in YouTube ne kawai kike so akwai dabara. A buɗe YouTube na tibin a shiga saitin, akwai Link with TV code, zai ba da lamba 12, a sa ta a YouTube na wayar. Wannan ko ba Wi-Fi ɗaya ba yana yi, in dai kowacce na da intanet

Hajiya Umma: Allah ya yi albarka, karatu da wa'azi nake saurare dama, ya ishe ni

Autan Mama: Kun gani ko, waya mai tsada amma abin da ƙaramar Android ke yi a banza ta kasa 🏃

Maman Ilham: Auta kar ka fara. In AirPlay ya haɗu ko tari ba ya yi

Injiniya: Auta kafin ka yi nisa da gudu, Pixel ma ba ta yin Miracast kuma Android ce ta gidan Google. Android ya karɓi Miracast a 4.2, Google ya cire shi a Android 6 a 2015 don a koma nasa, kamfanonin waya ne suka ci gaba da sa shi da kansu. Kowa nasa yake tallatawa, mu ne a tsakiya.

Autan Mama: Ni dai na faɗa tun farko a sayi kebul

Admin: Jama'a a tsaya kan tambaya don Allah, rigimar iPhone da Android mun sha ta a nan har an fitar da mutum biyu

Sani Direba: Afuwan na shigo a makare. Wanda ba shi da MiFi kuma tibinsa irin ta Baban Hanifa ce fa? Hotsifot zai yi?

Zee: Zai yi. Mafi sauƙi waya biyu, ɗaya ta ba da hotsifot, tibi da ɗaya wayar su hau kai

Sani Direba: Waya ɗaya gare ni

Zee: Ni na sha yi da ɗaya, na kunna hotsifot tibin ta hau na aika YouTube daga wayar ya tafi

Injiniya: Yana yi a wasu wayoyin a wasu kuma ba ya ganin tibin, sai an gwada. Abin da dai ba kasafai yake yiwuwa ba shi ne hotsifot da Miracast lokaci guda, don duk Wi-Fi ɗin wayar suke buƙata, da yawa za ta ce maka kashe ɗaya tukuna. Kuma Sani ka kula, tibi in ta samu hotsifot ba ta san datar waya ba ce, sai ta kama sabunta manhajojinta a ɓoye, ka shiga Play Store na tibin ka hana sabuntawa da kai.

Sani Direba: Na gode oga. Ana iya buga gem ta haka? Yarona ke tambaya

Injiniya: Irin na lissafi ko ludo eh. Na ƙwallo ko tsere kuwa zai ji haushi, ya danna a waya sai bayan ɗan lokaci tibin ta nuna, kafin ya ga ƙwallon an riga an ci shi. In rautarku na da Wi-Fi na 5GHz ku hau shi ya fi na 2.4GHz sauri da rashin cunkoso, don 2.4 ɗin har Bluetooth da Wi-Fi na maƙwabta duk a kansa suke, illarsa kawai ba ya ratsa bango sosai, sai kuna kusa.

Malam Habu: Maganar maƙwabta ta tuna min, ranar nan na danna Smart View sunaye biyu suka fito iri ɗaya sak, na zaɓi na sama, shiru tibina ba ta nuna komai ba amma waya ta ce tana jiran izini. Can sai na ji maƙwabcina ta taga yana tambayar yaransa wane ne Habu kuma me yake nema a tibinmu

Maman Ilham: 😂😂 Malam gara kai izini aka tambaya

Injiniya: Malam shiga saitin ka canza mata suna, ka sa wanda kai kaɗai za ka gane. Kuma kowa ya bar tibinsa a kan ta dinga tambaya kafin sabuwar waya ta haɗu.

Baban Hanifa: Na dawo. Na rage zuwa 720, na canza sunan tibin, yara na kallon katun ni kuma ga ni ina hira da ku da wayar. Saura abu ɗaya, da na haska bidiyon da na ɗauka da kyamara sai ya tsaya siriri a tsakiya, hagu da dama baƙi

Zee: A tsaye ka ɗauka ko a kwance?

Baban Hanifa: A tsaye

Zee: To haka zai fito yaya, tibi a kwance take. Wanda ka ɗauka a kwance ka kunna juyawar sikirin ka kwantar da wayar zai cika, ko ya bar ɗan baƙi sama da ƙasa don wayoyin yanzu sun fi tibi tsawo. Na tsayen kam sai haƙuri

Baban Hanifa: Kash, kuma duk bidiyon Hanifa tun tana rarrafe a tsaye na ɗauke su

Autan Mama: Ka kwantar da tibin a gefe yaya 😂

Nura: Slm yan uwa dan Allah ya ake haɗa waya da tibi, tawa tana ta juyawa bata ganin komai

Zee: Nura hau sama ka karanta. Amma tukuna, akwai makulli kusa da batir ɗinka?